Shanun da Na Raɗa wa Sunan Turanci

Ku matso, jama'a, ku ara mini kunnuwanku. Wannan ba tatsuniya ba ce, a kaina ta faru, kuma jikata ce take rubuta muku yadda nake faɗa.

Shekarun baya, lokacin da Dutse ta zama babban birnin jiha, ina zaune a bakin Yalwawa a gidan ɗana na fari. Mu mutanen ruga ne, daga wajen Aujara muka taso. Da maigidana ya rasu, abin da ya rage a garkenmu shanu bakwai ne da 'yan awaki. Na koro su na zo, aka kafa musu turke a bayan gida, zana ce kawai ta raba su da tsakar gida.

Ku 'yan yanzu ba lallai ku san kunyar ɗan fari ba. A wurinmu uwa ba ta kama sunansa, ba ta zaman hira da shi, ba ta nuna ta damu da shi ko da zuciyarta na ƙuna. Ana yaye shi kakarsa ta ɗauke shi, a hannunta ya girma, can aka sa shi firamare. Sai da furfura ta fito mini sannan muka zauna gida ɗaya. Da safe ya durƙusa daga nesa ya ce, "Inna, an tashi lafiya?" In kau da kai in ce, "Lafiya." Iyakarmu ke nan.

Masinja ne a wani ofishin gwamnati. Akwai jarrabawar da in masinja ya ci ake mai da shi ƙaramin akawu. Ya zauna sau biyu, sau biyu Turanci yana kayar da shi. Wata rana da la'asar ina tankaɗe, na ji yana gaya wa matarsa:

"Wannan ce ta ƙarshe. In na sake faɗuwa ajiye aikin zan yi. Yaran da na girma da shekara goma suna aikena sayen goro. Akwai mai neman wanda zai riƙe masa shanu a Kudu, can zan tafi."

Ta ce, "Inna fa?"

"Ku zauna da ita. Na riƙa zuwa da salla."

Rariya ta tsaya a hannuna. Ɗan da aka ɗauke mini yana ƙarami, na same shi da tsufa, zai sake tafiya. Kuma ba ni da bakin cewa kada ya je.

Wani malamin makaranta ya rubuta masa kalmomin Turanci a littafi, gida-gida, kowace da ma'anarta. Na ji yana faɗa wa matarsa wai 'yan gida ɗaya haruffansu na ƙarshe duk iri ɗaya ne, na gaba kawai ke sauyawa. Kullum in ya dawo masallacin asuba sai ya shimfiɗa tabarma a jikin zana ya kama karantawa da ƙarfi, ni kuwa ina ta bayan zanar ina tatsa.

"Light, haske. Night, dare. Fight, faɗa. Might, ƙarfi. Tight, matsattse. Flight, tashi ko gudu. Sight, gani."

Sai ya rufe littafin ya gwada da ka, su cakuɗe masa. Ya ba night ma'anar ƙarfi, ya ba fight ma'anar gani, ya yi tsaki, ya sake buɗewa.

Ni ban san ko baƙi ɗaya ba, na boko ko na allo, sai abin da zan yi salla da shi. Amma Allah ya ba ni kunne. Kwana huɗu, duk sun zauna mini daram. Na kuma gane inda ciwon yake. Baƙo in ya shiga garke, shanun da suka fito daga uwa ɗaya duk ɗaya ne a idonsa. Makiyayi ba da kama yake rarrabe su ba, da hali ne. Yaron nan kamarsu yake kallo, bai ba kowace halinta ba.

To, yaya zan gaya masa? Na kwana biyu ina juya abin.

Ran nan da safe ya zo kan wata kalma ya tsaya cak. Ina jinsa yana maimaita ta, ma'anar ta ƙi zuwa. Ina tsugune ƙarƙashin wata saniya mai taurin hantsa, wadda sai hannu ya yi tsami kafin ta ba da rabin ƙwarya. Na daki cinyarta na ɗaga murya:

"Ke tight, matsattsiyar banza, saki nonon nan!"

Da na ga ƙasa ba ta tsage ba, sai na ci gaba. Farar saniya na ce mata light, baƙar na ce night. Mai tunkurin 'yan uwanta, "Ke fight, ba ki gajiya da faɗa?" Bijimin ya zama might. Karsanar da kullum ke tsinke igiya ta gudu, flight. Tsohuwar mai ido ɗaya kuwa na ce, "Sannu sight, da ɗayan ma kina gani."

Da ya koma karatun, sai na ji ya jero su tiryan-tiryan, ba tuntuɓe.

Ina da maƙwabciya Babarbariya, mai tuyar ƙosai, abokiyar wasata. Ta leƙo ta kan katanga, matsami a hannu.

"Wayyo, Bafillatana ta zautu! Fillancin ya ƙare ne, shanu suka koma Turanci?"

Na ce, "Baiwata, ki kula da ƙosanki yana ƙonewa. Shanun birni ne yanzu."

"To su je su karɓi albashi mana, ki huta da tallan nono."

Da ya shiga gida na biyu, su ground da sound da round da found, sai na koma kan awaki. Gajeriyar da cikinta ke kusan taɓa ƙasa ta zama ground. Mai ciki, da ta yi kamar tulu, round. Wadda ta taɓa ɓata aka tsinto ta a Limawa, found. Sound kuwa, wato ƙara, na rasa akuyar da ta cancanta, na ba maƙwabciyata. Da matar ɗana ta fassara mata, har gida ta biyo ni da muciya.

Dabbobi suka ƙare, kalmomi ba su ƙare ba. Kaji suka samu, turmi ya samu, randa ma ta samu.

A mako na biyu sai ga shi ya zagayo bayan zana, shi da rabonsa da taɓa saniya tun yana yaro. Ya kama maraƙi ya riƙe mini har in gama tatsa. Bai dube ni ba, ban dube shi ba. In wata kalma ta ɓace masa sai ya shafa wuyan maraƙin ya ce, "Kai, wannan jar kazar yaya sunanta ne?" Ni kuma in watsa mata tsaba in kira ta da sunanta da halinta. Kusan wata biyu muna haka. Da dabbobi muke magana, mu biyun duka.

Ranar jarrabawa ya durƙusa ya ce, "Inna, zan tafi." Na dubi bango na ce, "Allah ya ba da sa'a." Yana fita na shiga ɗaki na ɗauki carbi, ban fito ba sai azahar. Nonon ranar ko kasuwa bai je ba.

Aka yi makonni shiru. Wata ranar Alhamis da yamma ina ba shanu dusa, na ji takunsa a bayana. Ya tsaya wajen farar saniya ya dafa tozonta. Sannan ya ce:

"Light, ki gaya wa mai ke an ci. Ba za a je Kudu ba."

Ashe ya san na ji maganar tun ranar. Na sunkuyar da kai cikin kwanon dusa don kada ya ga idona. Na ce, "Ta ji. Ta ce Alhamdu lillahi."

In na tuna yanzu, dariya nake yi wa kaina: tsohuwa da zanen saƙi tana zagin akuya da yaren Nasara. Wasu in na ba su labarin sukan ce al'adarmu ta yi tsauri, da na kira shi na zaunar da shi kawai. Wataƙila gaskiyarsu. Ni dai abin da na gani, kunya ba ta hana ƙauna tafiya, sai dai ta sa ta zagaya ta bayan gida.

Maƙwabciyata ta rasu shekarar da aka ƙaddamar da shari'a, Allah ya jiƙanta, har ta koma ga Mahaliccinta in na kira ta sound tana amsawa da zagi. Matar ɗana ita ke riƙe da ni yau, ita ke dama mini fura. Shanun, da gidaje suka cinye filin kiwo, muka mai da su wurin ƙanena a ƙauye, jikokinsu na can. Shi kuwa ya yi akawu har ya yi ritaya a garin nan, gemunsa ya yi fari fat. Ɗakinsa na kallon nawa. Kowace asuba ina jin ƙarar butarsa, in san yana gida.