Kebul Ukun da Na Zare a Gaban Mai Kwat

Har gobe ba zan manta da Asabar ɗin da Kawu Issaka ya raka ni neman makaranta ba. Ku sababbin ma'aikata da kuke damuna da tambayar inda na yi kos, ku karanta wannan ku bar ni in huta.

Lokacin shekarata uku a kamfaninmu na unguwar Nima, aikina jan kebul a cikin silin. Ina da ƙaramin satifiket, amma ba a damƙa wa mutum netwok ɗin babbar ma'aikata sai ya ci babbar jarrabawa. Ita kuwa hadda ba ta isa a ci ta ba: netwok za a lalata, a ce ka gyara kafin lokaci ya ƙare.

Masta Sulley, mai kamfanin, ya kira ni ya ce, "Rukaya, mun samu aikin wani asibiti. Sau ɗaya zan biya miki kos. In kin ci, aikin naki ne. In kin faɗi, in ɗauko wani daga waje, ki koma silin."

Na ce, "Masta, ni da silin mun yi sallama." Ya ce in kawo masa sunan makaranta ran Litinin.

Makarantu biyu na ware. Kawu Issaka, ƙanin mahaifiyata, mai sayar da tsofaffin injinan mota a Abossey Okai, ya ce zai kai ni, don trotro, wato bas ɗin haya, zai cinye mini yinin. Mutumin nan ko lambar waya bai iya adanawa ba.

Makarantar farko gilashi ko'ina, ga sanyin esi. Wani mai kwat ya kai mu ɗakin gwaji. Ga suwic da rauta, wato akwatunan ƙarfen da ke haɗa kwamfutoci, an jera su reras, fitilu na ƙyafta ido. Babban allo a bango yana nuna komai kore, alamar lafiya lau. Gaskiya a raina na riga na zaɓa.

Sai Kawu ya tsuguna yana leƙen ramukan da ake soka kebul. Ya ce, "Ɗiyata, an taɓa tayar da injin nan kuwa? Ko ƙarzanewa babu."

Na ce, "Kawu, don Allah kar ka ba ni kunya."

Ya ce, "A wurinmu mai sayen inji ba ya kallon wanki. Wayar fulogi ɗaya yake zarewa ya ji ko ƙarar za ta canza."

Ni dama ba ni da haƙuri. Na kai hannu na zare kebul ɗin da ya haɗa manyan akwatuna biyu. Allo kore. Na zare na biyu. Na zare na uku. Kore shar!

Mai kwat ya yi tsalle: "Madam, ba a taɓawa!"

Na ce, "Chale, abokina, in ba a taɓawa, da me zan koya?"

Ya yi ta inda-inda, a ƙarshe ya ce ɗalibai a kan hoton kwamfuta suke gwaji, akwatunan na nuna wa baƙi ne. Kawu ya yi ta dariya har muka shiga mota.

Ta biyu a Kotobabi take, a saman shagon tela. Fanka ɗaya, ɗalibai shida, da malamarsu Madam Hawa. Akwatunanta duk sun sha wuya, an ɗaure wasu wayoyi da salatif. Na yi sallama, na gaishe ta, na lallaɓa na zare kebul ɗaya.

Ban sauke hannu ba wani ƙaton ɗalibi ya ƙwala ihu daga kwana: "Wa ya kashe ni?"

Madam Hawa ta juyo. "Ke ce? Riƙe shi, kar ki mayar. Faɗa mini wace hanya saƙonsa zai bi yanzu."

Na faɗa da ƙarfin gwiwa. Ashe kuskure ne, aji ya kwashe da dariya. Ta jawo mini kujera ta ce, "Zauna. Ɓarna kin iya, saura gyara."

Kawu ya raɗa mini, "Wannan injin yana numfashi."

Ran Litinin Masta ya dubi hoton wurin a wayata ya yamutsa fuska. "A saman shagon tela?"

Na ce, "Masta, kai ka ce sau ɗaya za ka biya."

Ya biya. Wata huɗu, kowace Asabar Madam Hawa ta lalata mana netwok ta zauna tana cin waakye, wato shinkafa da wake, tana kallonmu muna gumi. Ranar jarrabawa, da aka ba ni netwok a kwance, nan take na hau gyara. Na ci, asibitin kuma ni ke kula da shi har yau.

Saboda haka in za ku zaɓi makaranta, ku manta da esi da fitilu. Ku nemi a bar ku ku taɓa kayan, ku zare kebul ɗaya, ku saurara. In ba wanda ya yi ihu, ku fita. Shi kuwa Kawu, duk Abossey Okai ya gaya musu cewa mu biyu muka ci jarrabawar, kuma ban taɓa ƙaryata shi ba.