Farfesan Jushi

Yayana Julius ya yi shekara da shekaru yana aikin masinja a jami'a, can Samaru. Aikinsa kai fayil daga wannan ofis zuwa wancan, sai goge allo idan malaman lissafi sun gama darasi. Amma ka san mutanen unguwarmu ta Jushi. Tunda kullum da safe yana hawa bas ɗin Samaru da farar riga a goge, ai shi ke nan, ya zama Farfesa. Da wasa aka fara, har fastonmu ya ɗauka. Shi kuma bai taɓa cewa a daina ba.

Kada in zalunce shi, yana da kai. A aji huɗu na firamare ya tsaya, lokacin da babanmu ya rasu gona ta dawo wuyansa, amma lissafi a jininsa yake. Tarawa, ɗebewa, ninkawa, rabawa, kafin ka lalubo biro ya ba ka amsa. Turancin ne dai babu, sai na gaisuwa.

Da ya yi ritaya, iyaye suka fara turo masa yara da yamma, musamman masu shirin jarrabawar shiga sakandare. Dabararsa ɗaya ce, kuma ni kaɗai na gano ta, don a gidansa nake zaune tun rasuwar mijina. Yaro zai karanto tambaya da Turanci, sai Yaya ya jingina, ya lumshe ido, ya ce, “To, kai me ka fahimta?” Yaron ya faɗa da Hausa, Yaya ya kama daga nan. Ta bakin yaran ya san “sum” tarawa ake nufi, “product” kuma ninkawa. Iyaye suna ta yabo wai Farfesa ba ya yi wa yaro ɗura, sa shi yake ya yi tunani. Ni kuwa ina gefe ina tsintar shinkafa, ina cije leɓe.

Sai lokacin jikarsa Happiness ya zo, wadda yake tsokana da amarya. Yarinyar nan ba ta da buri sai shiga wata makarantar kwana ta 'yan mata. Guraben kaɗan ne, jarrabawar kuma sau ɗaya a shekara. Har ta nuna mini akwatin da take so a kasuwar Sabon Gari.

Wata yamma ta karanto masa tambaya mai kalmar “estimate”. Yaya ya jingina kamar kullum.

“To, amarya, ke me kika fahimta?”

“Ban sani ba, Kaka. Ranar da aka koyar ina kwance da zazzaɓi.”

Ya dubi sauran yaran, su ma suka zuba masa ido. Ga Maman Seun, maƙwabciyarmu, tsaye a bakin ƙofa ta zo ɗaukar ɗanta. Na ce a raina, Yaya, ka ce ba ka sani ba mana! Gidan Malam Gregory, malamin ajin yarinyar, bayan layinmu ne kawai. Ina! Sai ya gyara murya.

“Wannan ai babban lissafi ne. Ana nufin ki bi shi daki-daki har ƙarshe, kada ki bar ko ɗigo.”

Da kowa ya watse na ce masa, “Yaya, ka tabbata?”

“Tabitha,” in ji shi, “shinkafarki tana ƙonewa.”

Ranar jarrabawa Happiness ta dawo ido jawur. Tambayoyi masu wannan kalma sun fito da yawa. Ta zauna ta ninka manyan lambobi tsaf, amma amsar da take samu ba ta cikin waɗanda aka ba su su zaɓa. Ta goge, ta sake, ta goge. Aka ce a ajiye fensir, shafi guda ko taɓa shi ba ta yi ba. Da sakamako ya fito, babu sunanta.

Ran Lahadi bayan an tashi daga coci Malam Gregory ya biyo mu gida, don ita ce ta ɗaya a ajinsa, abin ya tsaya masa a rai. Ya sa ta ta ba shi labari. Tana kaiwa kan kalmar ya dafe kai.

“Haba, Happiness! Kintace fa ake nufi! Ki ɗauki lambobin da suka fi kusa, masu sauƙi, ki ƙiyasta da ka, ki wuce. Su ne tambayoyin da aka sa don ki huta. Wa ya gaya miki a bi su har ƙarshe?”

Yaya yana zaune a kujerarsa, ko hular coci bai cire ba. Malam ya juya gare shi.

“Farfesa, ka ji fa. Kana gida aka yi wannan?”

Yarinyar ta ɗago ta dubi kakanta, sannan ta mayar da ido ƙasa.

“Kaka ya gaya mini daidai, Malam. Ni ce na manta.”

Wallahi kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa idona. Na jira Yaya ya yi magana. Na ga bakinsa ya buɗe, na ce a raina, yauwa, ga gaskiya nan tafe.

“Sai haƙuri, Malam,” in ji shi. “Ka san halin yara.”

Abincin rana yadda na kai masa haka na ɗauke shi. Washegari da yamma yara suka taru a ƙofar gida da littattafansu. Yaya ya leƙo daga ɗaki, ya ce mini ƙasa-ƙasa in ce musu ba ya nan. Na ce ba zan faɗa ba. Happiness ce ta ajiye tsintsiya ta fita ta faɗa musu.