Ranar da Na Kira Baƙuwa Infoma

Ko me zan manta a duniya, ban da ranar da bakina ya kusa halaka wata baiwar Allah a Bukkuyum.

Ni ba mai yawan fita ba ce, amma magana ba ta wuce kunnena. A rediyo na fara jin kalmar infoma. Na tambayi maigidana, ya ce, "Shi ne wanda zai shige cikin mutane, ya ci tuwonsu, ya bi sahu ɗaya da su, sannan ya kai wa 'yan bindiga labarinsu."

A lokacin wata baƙuwa ta tare a unguwarmu, mijinta mai haƙar zinari ne. Ga fara'a, ga iya lalle. Aminiyata, wadda muka tashi tare tun muna talla, sai ta mai da hirarta gidan baƙuwar. Da bikin ɗiyar aminiyar tawa ya taso, baƙuwar aka ba zaɓen anko, ni sai a bakin mutane na ji. Wallahi kwana uku tuwo bai yi mini daɗi ba.

Ranar sa lalle, mata cike da tsakar gida, na ji baƙuwar tana tambayar yaushe za a kai amarya Gummi, kuma ta wace hanya. Sai na ce, har da 'yar dariya, "Wagga tambaya ta yi yawa. Ko infoma munka samu?"

Inna, mahaifiyar aminiyata, ta dube ni ta ce, "Ke! Kin san mi kika faɗi kuwa?"

Kafin la'asar magana ta fita waje. Samarin da ke tsaron gari suka kama mijin baƙuwar, suka tsaya ƙofar gidansu da sanduna. Ashe matar so take ta roƙi ƙanenta direba ya kai amarya kyauta.

Na ja mayafi, na tafi wurin mai unguwa. A gaban maza na ce, "Ban ga komai ba, ban ji komai ba. Kishi ne kawai." Aka saki mijin, amma ba su ƙara mako a garin ba. Ban samu na nemi gafararta ba.

Tun ranar na gane akwai kalmar da ba a wasa da ita a ƙasarmu. In kishi ya taso mini yanzu, ɗaki nake shiga in rufe bakina har ya sauka.