Kaset ɗin da Ya Fanna ta ba ni ajiya

Ina cire hancin tattasai da safen nan aka kira ni, wai Ya Fanna ta rasu. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ita ce ta fara niƙa tattasan bakin kogin Komadugu tana ƙullawa a leda da sunanta a jiki, lokacin da kowa a Diffa buhu kawai ya sani. Ina cikin matan da ta fara ɗauka aiki. Ranar farko atishawa ta hana ni tsayuwa, ta cire ɗankwalinta ta ɗaure min hanci, ta ce, "Yi kukanki yau, gobe hancin zai saba."

Akwai abin da na ɓoye mata.

A shekarun casa'in ƴan rediyo sun zo daga Yamai sun yi hira da ita. Da aka sa hirar ta ɗauka a kaset, ta ba ni. "Riƙe, Hadiza, ke ba ki da ɓarna."

Bayan wasu shekaru, ranar bikin ɗiyata, kaset ya ƙare wa mai ɗaukar waƙar mata. Na buɗe akwati na miƙa masa wanda hannuna ya taɓa. Sai da aka watse na gane wanne ne.

Ban faɗa mata ba.

Bara jikarta Falmata ta rubuta tarihinta a kundin nan na intanet da ake sa mutanen da suka yi fice. Masu dubawa suka ce ina shaida? Maganar dangi ba ta isa ba, sunan jikin leda kuma talla ne. Suna son jarida, ko littafi, ko shirin rediyo, abin da bare ya faɗa a kanta. Ban ga laifinsu ba, ba su san ta ba.

Ganina da ita na ƙarshe tana kwance a tabarma, tana dariya. "Hadiza, kai wa yarinyar nan kaset ɗinmu. Mutanen intanet ba su yarda an yi ni ba."

Na ce, "To, Ya Fanna, zan nemo."

Kunya ta hana ni komawa. Aka goge shafin.

Ɗazu na ari rediyon maƙwabciyata na sa kaset ɗin. Muryar Ya Fanna na ciki kuwa, amma ba hira ba ce. Guɗa take yi wa ɗiyata.

Falmata, yanzu kin ji gaskiya, ki yafe min. Duk wanda ya ɗauki shirin nan a wancan lokaci, daga Bosso har Maine, don Allah ya duba akwatinsa.

Allah ya jiƙan Ya Fanna, ya haskaka kabarinta, ya rubuta ta a inda ba a gogewa. Ku sa ta a addu'a. Ni ma ku roƙa min gafara, don ban samu na roƙe ta ba.