Sunan da Baba Usmanu Ya Riƙe

Ban cika amincewa da tunanina ba, don ina ɗan shekara goma ne a lokacin, kuma wataƙila na haɗa ranaku biyu wuri guda. Abin da na riƙe shi ne, wata Juma'a ce cikin azumi Baba Usmanu ya kama hannuna muka hau mikrobas daga Ainu Shams zuwa Hay el-Sabi', a nan Masar.

Maƙwabcinmu ne, Bahaushen Sudan, yana zaune shi kaɗai a ɗakin ƙarƙashin bene. Mu yara mukan sayo masa burodi da waken ful, mu share masa ƙofa, shi kuma ya ba mu labarin maigidansa na dā. Da samartakarsa ya yi wa wani jakadan Sin tuƙi, a Kartum ne ko a nan, ban tabbata ba. Ya ce mutumin janar ne na 'yan gurguzu kafin a ba shi jakadanci. Ya ƙetare duwatsun ƙanƙara da ƙafa, yunwa ta taɓa sa shi dafa ɗamararsa ta fata ya ci. Babu yatsu biyu a hannunsa na hagu, shi ya sa a liyafar jakadu yakan bar shi cikin aljihu. Wata rana aka kira shi gida da gaggawa, lokacin da ake wulaƙanta manya a ƙasarsu. Baba ne ya kai shi filin jirgi, bai sake jin ɗuriyarsa ba.

Kullum bayan salla yakan roƙa masa shiriya. Mahaifina, wanda karatun addini ya kawo Masar, ya ce masa a hankali, "Baba, in yana raye ka roƙa masa. In ya mutu bai musulunta ba, sai dai shiru." Wannan magana ce ta fito da tsohon ranar nan, yana so ya san wanne ne.

Muka shiga wani shagon taliya na ɗaliban Sin Musulmi, ana ta murza ƙullu don buɗa baki. Baba ya tambaya da Larabci ko sun san Janar Dashi, sunan da ya san maigidan nasa da shi. Wani saurayi ya fara murmushi, da ya dubi fuskar Baba sai ya fasa. "Ma'alish, yi haƙuri ya Hajj, dashi ba suna ba ne. Jakada ake nufi a yarenmu, kowane jakada haka ake ce masa."

Ashe duk shekarun nan muƙami yake ambata a addu'a. A hanya ya ce, "Yalla, jikana, kada magariba ta same mu a titi." Daga ranar ban ƙara ganin ya daɗe hannu a sama ba. Ko ya ci gaba a zuci, Allah ne masani. Ya rasu kafin wani azumin ya zagayo.

Yanzu na gama jami'a, na karanta cewa wasu daga cikin irin waɗannan janarori sun tsira, wasu ba su tsira ba. Yaran benenmu na yau komai a waya suke nemowa, ni ma na gwada, amma ba a neman mutum babu suna. Duk wanda ya zauna da Baba Usmanu ya ji abin da ni ban ji ba, ko ya ga na yi kuskure, don Allah ya gyara mini.