Matar da ke ajiye wa baƙi kura-kurai

Ƙarfe shida da rabi na safe, kafin kowa ya nemi kofin shayi, Malama takan ture kwanuka gefe ta buɗe tsohuwar kwamfutarta a kan teburin cin abinci. Murfin ya daɗe da sakin jiki, sai ta tokare shi da gwangwanin sukari. Minti arba'in take da su kafin ta tafi makarantar da take kula da ɗakin karatu, kuma shekara goma sha ɗaya ke nan ba ta kashe su a kan komai sai amsa saƙonnin mutanen da ba ta taɓa gani ba.

Aikin da take wa wannan hidima wata manhaja ce ta kyauta, wadda ita ce fuskar kwamfuta: tagogin da kake buɗewa, maɓallan da kake latsawa, agogon da ke maƙale a kusurwa. Ba kamfani ya mallake ta ba. Cikinta a buɗe yake, duk wanda ya iya zai leƙa ya gyara, kuma 'yan sa kai ne daga ƙasashe barkatai suke gina ta. Malama ba gwanar rubuta manhaja ba ce, ita da kanta takan ce abin da ta sani bai cika cokali ba. Nata aikin shi ne kiran mutane. Ita ke rubuta wasiƙar mako da ke gaya wa duniya abin da aka yi, ita ke bin zaurukan intanet da ƙungiyoyin ɗalibai tana cewa ku zo, akwai wuri. Wanda ya amsa kiran kuwa, ita zai fara tararwa a bakin ƙofa. Shi ya sa suke ce mata Mai Maraba.

Ta daɗe da gane cewa kira ba wuya, riƙe baƙo ne aiki. Mutum zai shigo da zumuɗi, ya ga gwanaye suna magana da yaren da bai sani ba, ya sulale ba sallama. Don haka ta kafa wata al'ada da ta sa wa suna kwandon baƙi. Duk ƙaramin kuskuren da aka gano a manhajar, irin wanda ba ya cutar da kowa, sai ta ɗauke shi ta sa a wani jeri na daban, ta rubuta bayanin yadda za a tunkare shi dalla-dalla. Tsohon hannu bai isa ya taɓa ba. Na sabon zuwa ne, don ya samu abin da zai gyara ya ga sunansa a cikin masu aikin.

Maigidanta, tela ne, bai taɓa daina tsokanarta ba. "Ni dai ban taɓa ganin mai kiwon kura-kurai kamar kaji ba sai ke," in ji shi. "Ni in na bar ɗinki a karkace na ce na ajiye wa baƙo, ai sai a kwashe min keke."

"Kai naka baƙin riga suke nema," takan ce. "Nawa wurin zama suke nema."

Bara ne aka gwada wannan al'ada gwaji na gaske. Wani dattijo mai harhaɗa magunguna da ya yi ritaya ya rubuto daga wata ƙasa mai nisa, inda rana ke faɗuwa lokacin da Malama ke ɗora ruwan shayi. Ya ce shekarunsa sittin da takwas, tun da ya rufe shagonsa ba wanda ya sake neman wani abu a wurinsa, kuma in ɓata lokaci zai yi a gaya masa gaskiya. Malama ta ba shi kuskure ɗaya daga kwando: agogon kusurwa yana gutsure sunan wata idan sunan ya yi tsawo. Aikin minti goma ne ga gwani. Dattijo ya shafe mako uku a kai, kullum da tambayarsa, kullum da amsarta.

Ana cikin haka lokacin fitar da sabon zubin manhajar ya matso. Babban mai kula da aikin, wanda kowa ke kira Injiniya, mutumin kirki ne amma ba ya iya ganin abu a karkace ya wuce. Wata Asabar da rana ya samu sarari, ya zauna ya share kwandon tas, kura-kurai ashirin da uku, har da na agogo. Shi a ganinsa alheri ya yi. Na'ura kuwa ba ta san kara ba, sai ta aika wa dattijo saƙo cewa an riga an gyara, an rufe aikin.

Da safe Malama ta tarar da layi biyu daga wurinsa: "Na ga an gyara, na gode. Ku yi haƙuri da jinkirin da na jawo muku." Ranta ya ɓaci ƙwarai, har shayin ya huce ba ta kurɓa ba. Ta kira Injiniya ta bidiyo.

"Ƙanena, so nake ka mayar da kura-kuran nan inda ka same su."

"Yaya, in mayar? In ɓata abin da na gyara da hannuna?"

"Ƙwarai kuwa."

"Alhamis fa za mu fitar. Duniya za ta gani, a ce mun san da kuskure muka bar shi."

"Duniya ta shekara biyu tana ganin agogon nan, ba wanda ya makara zuwa aiki saboda shi. Amma akwai mutumin da ya yi mako uku yana koyon abin da ka share kafin abincinka ya huce. Kai agogo ka gyara, ni mutum na rasa."

Injiniya ya sosa ƙeya. Waɗanda suka san shi sun ce bai taɓa yin aikin da ya yi masa ciwo kamar na ran nan ba, amma ya yi. Ya warware gyaransa ɗaya bayan ɗaya, ya rubuta a fili inda kowa zai gani cewa shi ya yi azarɓaɓi.

Sauran aiki ya koma kan Malama. Ta rubuta wa dattijo cewa kuskuren ya dawo, kuma ba mai taɓa shi, ko za a fitar da manhajar da shi a haka. Litinin shiru. Talata shiru. Kowace safiya takan buɗe kwamfutar da fargaba, ta rufe ba ta ga amsa ba. Ran Laraba sai ga gyaransa ya iso, layi goma sha tara na rubutun manhaja a inda Injiniya ya yi uku. Injiniya ya duba, hannunsa na ƙaiƙayi, ya nuna masa wuri ɗaya kawai da zai daidaita, ya karɓa. Ran Alhamis manhajar ta fita da gyaran dattijo a cikinta.

Malama, ke ce mai shimfiɗar fuska tun kafin a kai ga tabarma. Ke ce kika tsaya wa wanda bai san ma ana tsaya masa ba. Babu layinki ko ɗaya a cikin abin da dubban mutane ke kunnawa kowace safiya, amma da yawa daga masu layukan ta hannunki suka shigo, kuma saboda ke suka zauna.

A ƙarshen watan nan za ta ajiye aikin, domin likita ya ce idanunta sun gaji da hasken allon kwamfuta. Da ta sanar, ta tambaya ko akwai mai karɓar kwandon, tana tsoron kada a yi shiru. Ba a yi awa biyu ba amsa ta zo daga dattijo mai magunguna: "Ni zan riƙe. Na san yadda mutum yake ji a bakin ƙofar nan."

Mun gode, Mai Maraba. Allah ya saka da alheri, ya ƙara wa idanun nan lafiya. Mu kuma da muka iya wani abu, a ofis ne ko a shago ko a gida, ga abin koyi. Idan ka ga aikin da za ka gama cikin minti goma, alhali wani ya riga ya fara fama da shi, ka mayar da hannunka aljihu ka jira shi.