Bishiyoyin da Dada take bi

Mahaifiyarmu, da muke kira Dada, ta rasa idanunta a hankali, amma tsakar gidanmu na unguwar Madaki bai taɓa ɓace mata ba. Ita ta shuka komai a cikinsa. Daga ƙofar ɗakinta sai ta miƙa hannu ta taɓa zogale, ta bi ta lemun tsami, ta kauce wa ƙayarsa, ta shafa lalle, sai ga ta a banɗaki. Ruwan alwalarta a gindin ayaba take zubarwa, ɓawon albasa da tokar murhu kuwa na gwanda ne. Ko sanda ba ta riƙewa, kuma ta tsani a kama mata hannu.

Sai Hamma, babban yayanmu, ya samu ƙarin girma a wajen aiki, gidan ya fara ba shi kunya. Wai abokansa suna zuwa gaishe da Dada suna tarar da gona. Ya bari sai da na kai ta biki Kumo, ya kawo masu gatari suka sare komai.

Da muka dawo, ni na fara gani. An shimfiɗa duwatsun intalok daga bango zuwa bango. An jera dogayen bishiyoyin adon nan da ake sakawa a gaban otal, duk kamarsu ɗaya, ba inuwa, ba 'ya'ya, akuya ma ba ta kallonsu.

Na ce, “Hamma, ka tambaye ta?”

Ya ce, “Tambayar me? Ai ba gani take yi ba.”

A gabanta ya faɗa. Har yau in na tuna sai zuciyata ta tafasa.

Washegari da azahar na fito daga kicin na tarar da ita a tsakiyar rana, ba takalmi, dutsen yana ƙona mata ƙafa. Ta kama ɗaya daga cikin bishiyoyin, ta murza ganyen, ta shinshina, ta saki, ta lalubi ta gaba. Wannan ma haka. Banɗaki take nema, ta ƙi kiran kowa. Kafin in ƙarasa wajenta zaninta ya jiƙe.

Na kama hannunta, a karon farko ba ta fizge ba. Muna tafiya ta ce, “Ko lallen bai bari ba?” Na ce bai bari ba.

Na faɗa wa Hamma ina kuka, ina zaton jikinsa zai yi sanyi. Da yamma sai ga shi da fo na roba daga kasuwa, irin na yara, ya ajiye mata a bayan ƙofa.

“Kin ga an huta, Dada. Yanzu ba sai kin fita ba.”

Ba ta kuwa ƙara fita ba.